Daga Rara Zuwa Gidan Abincin Italiyawa

  Yau zancen abinci za mu yi, amma sai mun yi tafiya tukuna. Za mu tashi daga Rara, cikin ƙasar Rabah, mu je babban birni mu zauna a gidan da a ke sayar da abincin Italiyawa, sa'an nan mu komo mu kewaya Wurno da Goronyo, mu duba abin da Allah ya ajiye mana a fadama. Ki gyara zama, 'yar'uwata. In tukunyarki ta nuna ki sauke ta, don kada labari ya ƙona miki tuwo.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, yanzu 'ya'yanmu da ƙannenmu sun yawaita a birane, wasu karatu ya kai su, wasu aiki, wasu aure. In sun yi baƙo daga gida suna so su girmama shi, sai su kai shi irin gidajen nan na abincin Turawa. Wannan kuwa zumunci ne, ba wanda zai ga laifinsu. Amma na lura da abu guda. In an kawo abincin ya zama ba daɗi, ba mai iya buɗe baki ya faɗa. Kowa sai ya daure ya haɗiye, ya ce a ransa, "Ni ne baƙauye, bakina ne bai saba ba." To, wannan zato na ke so mu warware yau, ni da ke.

Wadda za ta Abuja daga Rara, da asuba ta ke tashi. Mu biyu muka tafi, ni da Gwaggona, ganin ɗakin amaryar ƙanena da ke aiki can. Muka biyo ta Rabah, garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, inda kuma ya yi hakimci tun daga 1934. Daga nan zuwa Sakkwato kamar mil 20 ne. A Sakkwato muka sake mota, muka kama hanyar Gusau. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe sama, motocin albasa suna ta wuce mu, an ɗaure buhuna har sun fi kan mota tsawo, duka kudu suka nufa.

Da muka iso Talata Mafara Gwaggo ta nuna mini wajen Bakalori, ta ce ai ta san Italiyawa tun tana da ƙuruciyarta. Gaskiyarta kuwa. Wani kamfanin Italiya mai suna Impresit shi ya gina madatsar ruwan Bakalori a kan gulbin Sakkwato, daga 1974 zuwa 1978. Tsofaffinmu ba su manta ba, gama a 1980 manoman da aka karɓe wa gonaki suka tashi neman diyya, aka yi asarar rayuka da yawa. Mutanen da ke ƙasa da madatsar kuma suka ga ambaliyar da ta saba shayar da fadamunsu na shinkafa ta ragu. Kafin wannan ma, 'yan kwangilar Italiya ne suka gina Kainji, aka gama a 1968. Kin ga ke nan aikin hannunsu ya daɗe a ƙasarmu, girkinsu ne dai ba mu sani ba.

Muka wuce Gusau, da Funtuwa, da Zariya, da Kaduna, ba mu shiga Abuja ba sai da dare. Kwananmu uku, sai ƙanena ya ce, "Gwaggo, Yaya, yau amarya ba za ta ɗora tukunya ba. Zan kai ku ku ci abincin Italiyawa."

Ba zan faɗi sunan gidan ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Amma zan kwatanta miki shi, ko wata rana ki shiga irinsa. Ƙofar gilashi ce, tana buɗe kanta da kanta. Ciki sanyi kamar an shiga randa. Fitilu an rage musu haske, har Gwaggo ta tambaya ko wutar ce ba ta da ƙarfi. Kowane tebur an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an jera cokula, da wuƙa, da cokali mai yatsu, da kofuna masu dogon wuya. A bango ga hotunan kwale-kwale cikin birnin Benis, ga wata hasumiya da ta karkace kamar za ta faɗi. Wani kiɗa yana tashi a hankali. In don kyan wuri ne, ba abin da za a ce.

Boyi ya zo da ladabi, ya miƙa wa kowa takardar jerin abinci, mai shafi da yawa kamar littafin makaranta. Ƙanena ya zaɓa mana. Tun farko ya tambaya ko akwai naman alade ko giya cikin girkin, aka tabbatar masa babu. Ya ce a kawo taliya da miyar tumatir da niƙaƙƙen nama, da wata shinkafa da su ke kira rizoto, da fiza babba guda, watau gurasa ce mai faɗi da a ke shafa wa tumatir da cuku a gasa. Muka zauna jira. Aka kawo burodi, ya bushe har yana kartar dasashi. Muka yi hira, hira ta ƙare. Sai da aka yi kusan awa guda sa'an nan faranti ya sauka.

Taliyar nan ta dahu har ta wuce, ta cure wuri guda kamar danƙo, in kin ɗaga sili ɗaya sai goma su biyo shi. Gefen farantin da zafi, tsakiya kuwa da sanyi. Miyar ja wur, amma tana kai wa harshe sai tsami, bayan tsamin sai zaƙin sukari, bayan sukarin sai ƙarnin gwangwani. Ba ƙanshin albasa, ba na tafarnuwa. Naman ya bushe ya zama tsaki-tsaki. Shinkafar ta yi kama da fate-faten da aka manta ba a sa wa gishiri ba. Ita kuwa fiza, bakinta ya yi tauri sai an ja da haƙori, tsakiyarta ɗanyen ƙullu ne, cukun da ke kai ya daskare tun ba mu raba ta ba.

Teburin ya yi tsit, sai ƙarar cokula. Na dubi amarya, yarinya mai hankali, ta yi karatu mai zurfi. Tana ta turawa da ruwa. Ta lura ina dubanta, sai ta sunkuyo ta ce mini a hankali, "Yaya, ina ji haka abincin ya ke. Mu ne ba mu saba ba."

Gwaggo ba ta ji wannan ba. Ta ɗanɗana sau biyu, ta ajiye cokali, ta yafuto boyin. Aka yi sa'a yaron yana jin Hausa. Ta ce, "Samari, wagga taliya ta kwana, ko kuwa?" Yaro ya yi murmushi, ya waiga, ya ce, "Hajiya, ba ta kwana ba, amma tun da safe a ke dafa ta da yawa a ajiye. In an yi baƙo sai a ɗumama." Ta ce, "To, miyar fa, tumatirin gwangwani na?" Ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta juya wajen ƙanena ta ce, "Ɗana, Allah shi yi maka albarka, niyyarka ta kai. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai."

Da aka kawo takardar kuɗi na leƙa. Abin da aka biya na bakin mutum huɗu, da a kasuwar ƙauye ne da ya sayi akuya. Muka koma gida, amarya ta dama mana fura, sa'an nan muka iya barci.

Yanzu ki duba maganar nan biyu, ta amarya da ta Gwaggo. Amarya ta yi makaranta, amma ta zargi bakinta. Gwaggo ba ta taɓa ganin Italiya ba ko a taswira, amma da loma biyu ta gane abin da ya faru a madafa. Me ya sa? Domin dokar tukunya ɗaya ce ko'ina a duniya. Abin da aka dafa tun safe aka ɗumama ba ya ɓuya. Tumatirin da ba a soya ya ƙone tsaminsa ba, ko an zuba masa sukari sai ya tona kansa. Ƙullun da aka sa a tanderun da bai yi zafi ba, waje zai bushe ciki bai nuna ba, ko gurasa ce ko waina. Wace ce a cikinku ba ta san wannan ba tun tana 'yar shekara goma?

Bari kuma in gaya miki yadda abincin ya ke a wurin masu shi, don kada ki ɗauka duk girkin Italiyawa haka ya ke. Italiya ƙasa ce a kudancin Turai, ta miƙe cikin Bahar Rum, tana fuskantar Tunis da Libiya. Ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai 1861, don haka har yau kowane yanki da irin girkinsa, kamar yadda Kano ke da gurasa, mu kuma mu ke da namu tuwo da fura. Mutanenta sun sha talauci ƙwarai. Tsakanin 1880 da 1914 miliyoyinsu suka bar gida suka tafi Amurka da wasu ƙasashe neman abinci. Yawancin girkin da a ke sayar mana da tsada yau, asalinsa abincin manoma ne da 'yan ƙwadago.

Ga misali. A arewacin ƙasar suna tuƙa garin masara da ruwa da gishiri har ya yi kauri, su ci da miya. Suna kiransa folenta. Ke me za ki kira shi? Tuwon masara ne, ba wani abu ba. A kwarin kogin Po suna noman shinkafa cikin ruwa, har ba ƙasar da ta kai su yawanta a Turai, da ita su ke yin rizoton nan. Mai dafa shi yakan tsaya kan tukunya kamar minti 18, yana zuba romo kaɗan-kaɗan yana juyawa, a sauke a ci nan take. Fiza kuwa ta birnin Nafoli ce, abincin talakawa da a ke ci a tsaye a bakin titi. A can tanderun itace a ke hurawa ya yi zafin da ya wuce awo 400, gurasar ba ta kai minti 2 a ciki ba a fito da ita. Sana'ar masu gasa ta har hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2017.

Taliya ma suna da doka a kanta. Tun 1967 hukumarsu ta ce busasshiyar taliyar da za a yi don sayarwa a ƙasar sai da garin wata alkama mai tauri. Ba sa dafa ta sai mai ci ya zauna, kuma ba sa bari ta yi laushi, sai su sauke tana da ɗan ƙarfi a haƙori. Matar Italiya in ta ga taliyar da aka kawo mana, ta fi Gwaggo faɗa. Shi tumatirin da su ke alfahari da shi, baƙo ne a wurinsu kamar yadda ya ke a wurinmu. Daga Amurka aka kawo shi Turai cikin ƙarni na 16, ya daɗe ana tsoronsa, sai wajen ƙarni na 19 ya zama ruwan dare a miyar taliya. In kakarsa ta yi, iyali kan taru su dafa shi su ɗura a kwalabe don shekara. A kudu kuma mata suna yanka shi biyu, su barbaɗa gishiri, su shanya a rana.

Kin ji wannan na ƙarshe? Kauɗa ke nan, irin wadda mu ke shanyawa. A kantunan Turai da tsada a ke sayar da ita, a nan kuwa wata in ta yi baƙi sai ta ɓoye tata, wai kada a ce ba ta da kuɗin na gwangwani.

To, duk girkin nan nasu a kan me ya tsaya? Alkama, da shinkafa, da masara, da tumatir, da albasa, da tafarnuwa, da mai, da ɗan ganye mai ƙanshi. Riƙe wannan lissafi a ranki, ki taso mu koma gida, mu kewaya ƙasarmu da shi.

Mu fara da Wurno. In kin fito daga Sakkwato kin bi ta Acida, za ki iske ta a gefen kwarin gulbin Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, shi ya mai da ita ribaɗi ya zauna, a nan ya rasu a 1837, kabarinsa yana nan ana ziyara. Ki tsaya a kan tudu ki dubi fadama. Da damina shinkafa ce shar har iyakar ganinki. Da rani kuma sai a bi da albasa, da tafarnuwa, da tumatir, da tattasai. Tafarnuwar wannan yanki sananniya ce, fatake suna zuwa daga nesa su saya. In kin shiga kasuwa lokacin kakarta, ƙanshinta zai bi tufafinki har gida.

Mu ƙara gaba zuwa Goronyo. A nan aka datse gulbin Rima, aka gama ginin madatsar a 1984. Ruwan da ta ke tarawa shi ke shayar da gonakin rani da ke ƙasa da ita, shi ne kuma ke gangarawa har Sakkwato. Cikin sanyin hunturu za ki ga alkama ta yi kore, gama ita ba ta son zafi. In bazara ta matso sai a tone albasa, a jera ta cikin rudu inda iska ke ratsawa, don ta jira tsada. Tumatir kuwa ba ya jira. In ya nuna gaba ɗaya sai kasuwa ta cika, kwando ya faɗi warwas, wanda ba a saya ba ko a yanka a shanya, ko ya ruɓe a gaban mai shi.

Daga nan mu gangaro Rabah da Rara, ƙasar gero da dawa da wake, da shanun Fulani masu kawo mana nono da man shanu. Ga kuma jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a duniya tun zamanin ayari. Har yau Italiya tana cikin manyan masu sayen fatun Nijeriya, su yi takalma da jakunkuna. Shi ganyen nan mai ƙanshi da su ke sa wa a miya, ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne, wadda ke fitowa a bayan ɗakinki ba wanda ya shuka ta.

Yanzu ɗauko lissafin nan ki duba. Me ya rage? Man zaitun ne kawai da irin cukunsu. Sauran duka, motocin da muka gani a hanyar Gusau su ke ɗauke da shi. Watau abin da gidan abincin nan ya rasa, a ƙofar gidanmu ya ke. Sun bar ɗanyen tumatir yana ruɓewa a kasuwa, sun buɗe gwangwani, sa'an nan sun karɓi kuɗin akuya.

Kuma kada mu manta da abin da manoman nan ke sha kafin kayan su iso tukunya. Cikin 'yan shekarun nan ɓarayin daji sun addabi gabashin Sakkwato. A watan Oktoba na 2021 sun faɗa kasuwar Goronyo, suka kashe mutane da yawa, Allah ya jiƙansu. Akwai ƙauyukan da mutum ke fita gona bai san ko zai komo ba. Albasar da aka noma cikin wannan hali, bai kamata 'yar gida ta raina ta ba.

Ita kanta taliya ba baƙuwarmu ba ce. An daɗe ana yin ta a Kano, a unguwannin da Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, tare da alkaki da gurasa. Wasu ma sun ce sunanta daga kalmar Italiya ya fito. Ga 'yar murji nan da matanmu ke yi a tsakar gida, a kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, a murza a ɗan injin hannu, a rataya a igiya ta sha iska. A birnin Bolonya ma da hannu mata ke yin tasu, sai dai su da ƙwai su ke kwaɓawa. Taliyar hannu ita ce mai daraja a can. A nan kuwa an mai da ita ta 'yan talla, ta leda ita ce ta baƙi.

In kina so ki ɗanɗana abin da ya kamata a ba mu a Abuja, ga yadda za ki yi, ba sai kin fita garinku ba. Ki sami nunannun tumatir kamar 8, ki tsoma su a tafasasshen ruwa minti ɗaya, ki sa a ruwan sanyi, ɓawon zai saɓule. Ki yayyanka. Ki ɗora tukunya da man gyaɗa mai kyau ludayi guda, ki sa albasa ɗaya yankakka, ki rage wuta har ta yi laushi. Ki daka tafarnuwa sala 3 ki zuba, kada ki bari ta ƙone, gama in ta ƙone ɗaci za ta yi. Sa'an nan ki zuba tumatirin da gishiri da ɗan attaruhu, ki bar shi a buɗe kamar minti 20, har ruwan ya tsotse mai ya taso. In lokacin tsadar tumatir ne, ki wanke kauɗa mai tsabta ki jiƙa, ki haɗa.

Can gefe ki tafasa ruwa mai yawa a babbar tukunya, ki sa gishiri sosai. Sai ya tafasa za ki zuba taliya, ki juya don kada ta manne. Ta leda kamar minti 9 ko 10 ta ke so, 'yar murji ba ta kai haka ba, don haka ki riƙa ɗanɗanawa. Da kin ji ta nuna amma da sauran ƙarfi kaɗan, ki tsame. Kada ki wanke ta da ruwan sanyi. Ki juye ta cikin miyar nan da zafinta, ki ƙara ludayi guda na ruwan da kika dafa ta, ki juya minti ɗaya a kan wuta. Ki tsinke ganyen ɗoɗɗoya kaɗan da hannu ki watsa, ki sauke. Amma fa sai mutanen gida sun zauna tukuna, gama taliya ba ta jiran kowa.

In kuwa wata rana an gayyace ki irin gidan abincin nan, ki je, tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma akwai masu yi da kyau. Ga abin da za ki kula da shi. Da farko ki tambaya ko akwai alade ko giya, gama girkin Italiyawa da yawa da su a ke yi, har da wasu kayan zaƙi. Na biyu, ki dubi takardar jerin abinci. In kin ga iri ya kai ɗari, ki sani ba kukun da zai dafa su duka sabbi, daga firiji za su fito. Na uku, ki yi amfani da hancinki tun daga ƙofa. Gidan da a ke girki na gaske, ƙanshin albasa da gashin gurasa zai tarye ki. Na huɗu, ki dubi kuɗin kafin ki ce a kawo, kada kunya ta sa mijinki ko ɗan'uwanki ya ci bashi. In kuma an kawo abu da sanyi ko bai nuna ba, ki kira boyi ki faɗa masa da lafazi mai daɗi, ba da wulaƙanci ba, don shi ɗan aike ne. Wanda ya biya kuɗinsa yana da ikon ya faɗi gaskiya.

Ku 'yan makaranta, da ku na ke musamman. Za ku je wuraren da iyayenku ba su je ba, za ku ci abin da ba su ci ba. Ku koyi riƙe cokali mai yatsu, ku koyi sunayen abincin mutane, duk ilmi ne. Amma in hutu ya zo ku tsaya kusa da murhu, ku ga yadda Inna ke gane miya ta nuna tun daga ƙanshi. Yarinyar da ta iya wannan, ba farin ƙyalle ko sunan Turanci da zai ruɗe ta, ko a Abuja ko a birnin Rum.

Wadda ta gwada girkin nan ta rubuto mana yadda mai gida da yara suka ji shi. Ina kuma roƙon 'yan'uwa na Wurno da Goronyo su aiko mana da yadda su ke shanya kauɗa ba ƙasa ba ƙura, don sauran mata su amfana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.